Fiyano da Na'urar Jera Kiɗa

1. Makaɗi ɗaya, kiɗan mutum goma

Yara, ran kasuwa a Geceme ko a Fadama, ku tsaya kusa da mai sa wa mutane waƙoƙi cikin salula, ku kasa kunne. Za ku ji waƙar Hausa tana tashi. Bayan muryar mawaƙi akwai ganga, akwai sarewa, akwai wani abu mai kama da goge, har da tafi. Sai mutum ya ce makaɗa goma aka tara. Alhali sau da yawa mutum ɗaya ne ya yi kiɗan duka, yana zaune cikin ɗan ɗaki a Kano, ko Maraɗi, ko Yamai. Babu ganga a ɗakin, babu sarewa. Abin da ke gabansa wani dogon akwati ne mai maɓallai farare da baƙaƙe. Shi ne ake kira fiyano.

Sunan nan aro ne. Fiyano na asali babban akwatin katako ne mai tsirkiyoyin ƙarfe a ciki. In an danna maɓalli, sai wata ƴar guduma ta bugi tsirkiya. Wani mutumin Italiya, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙera shi wajen shekara ta 1700. Amma fiyanon da muke magana a kai ba shi da tsirkiya ko ɗaya. Da wutar lantarki yake aiki, ko da batir.

To, ina kiɗan yake fitowa? Yaya akwatin yake tuna abin da aka kaɗa? Shi ne darasinmu na yau.

2. Mene ne sauti?

Ku ɗora yatsu a maƙogwaro, ku ce "aaa". Me kuka ji? Wani abu yana kaɗawa a ciki. Ku zuba ƴan ƙwayoyin hatsi bisa fatar ganga, ku buga. Za ku ga hatsin yana tsalle, don fatar tana kaɗawa. Duk abin da ya kaɗa, yana tura iskar da ke kusa da shi. Iskar ta tura ta gabanta, har abin ya iso kunnenmu. Wannan shi ne sauti.

Ku ɗaura siririyar roba a bakin gwangwani, ku taɓa ta. In robar ta yi sako-sako, tana kaɗawa a hankali, muryarta ta yi kauri. In kun ja ta ta yi tauri, tana kaɗawa da sauri, muryarta ta yi siriri. Abin da mai gurumi yake yi ke nan sa'ad da yake gyara tsirkiyarsa kafin ya fara kiɗa.

Ana iya ƙidaya kaɗawa. In abu ya kaɗa sau ɗaya cikin sakan ɗaya, ana cewa hertz 1, don tunawa da wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga wajen hertz 20 zuwa wajen hertz 20,000.

A kan fiyano, maɓallai farare suna da suna bakwai: do, re, mi, fa, sol, la, si. Tsakaninsu akwai baƙaƙe biyar. Bakwai da biyar, sha biyu ke nan. Daga nan sai jerin ya sake farawa. Akwai wani "la" a tsakiya mai hertz 440. "La" na gaba da shi yana da 880, wato ninki biyu. "La" na baya yana da 220, wato rabi. Kun ga ashe kowace murya tana da lambarta. Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa aka gina komai.

3. Abin da ke cikin akwatin

In an buɗe fiyano, abu uku ne manya a ciki.

Na fari, maɓallai. Yawancin waɗanda ake sayarwa suna da 61. Kowane maɓalli kamar makunnin fitila yake. In an danna, sai ya haɗa hanyar wuta, ya aika da saƙo. A fiyano mai kyau, wurin haɗuwa biyu ne a ƙarƙashin kowane maɓalli, ɗaya na bin ɗaya. In yatsa ya sauka da ƙarfi, ana taɓa su kusan tare. In ya sauka a hankali, ana ɗan jinkiri tsakani. Da wannan jinkiri akwatin yake gane ƙarfin bugu.

Na biyu, ƙwaƙwalwa. Wani ɗan baƙin guntu ne, bai fi farcen babban yatsa ba. Shi ke karɓar saƙon maɓalli. In an danna "la" na tsakiya, sai ya sa wutar lantarki ta riƙa kai da komowa sau 440 cikin kowane sakan.

Na uku, amsa-kuwwa. A cikinta akwai maganaɗisu, da naɗaɗɗiyar waya, da takarda mai ƙwari mai siffar malfa. In wutar ta bi cikin wayar tana kai da komowa, sai takardar ita ma ta yi gaba ta yi baya sau 440, ta tura iska. Takardar nan ita ce fatar gangar fiyano.

Wani zai tambaya: to, yaya akwati ɗaya yake yin muryar sarewa, ya kuma yi ta algaita? Amsa ita ce, ko da sarewa da algaita sun hura murya ɗaya, kaɗawarsu ba siffa ɗaya ba ce. Ta sarewa santsi gare ta. Ta algaita tana tafe da ƙananan kaɗawa da yawa, shi ya sa take da kaifi. Hanya biyu ake bi a kwaikwayi wannan. Ko dai ƙwaƙwalwar ta ƙera siffar da kanta ta hanyar lissafi, ko kuwa a ɗauki sautin abin kiɗa na gaske, a mai da shi lambobi, a ajiye a ciki. Don a ɗauki sauti ya fita sarai, akan auna shi sau 44,100 cikin sakan ɗaya, kamar yadda ake yi a faifan CD.

4. Daga babba zuwa ƙarami

Ba rana ɗaya aka kai nan ba. A shekara ta 1906, a birnin New York na Amurka, Thaddeus Cahill ya kafa wata na'urar kiɗa ta lantarki mai suna Telharmonium. Nauyinta ya kai wajen tan 200, wato nauyin buhun hatsi 2,000 masu kilo ɗari-ɗari. Ta wayar tarho ake aika wa mutane kiɗanta. Tsada da girma suka kashe ta.

A 1935, Laurens Hammond ya fito da wadda za ta shiga ɗaki. A cikinta akwai ƙananan faya-fayen ƙarfe masu haƙora, suna juyawa kusa da maganaɗisu, kowane da muryarsa. A 1947 aka ƙirƙiro transisto, ɗan ƙaramin abin da ya sa rediyo ta ƙanƙance har ta shiga aljihu. Da shi Robert Moog ya haɗa na'urarsa a 1964, wadda makaɗi zai iya murɗa ta ya ƙera sautin da ba a taɓa ji ba.

Daga nan sai kamfanonin Japan suka karɓa. Casio ya fara sayar da ƙananan fiyano masu araha a 1980. Yamaha ya fito da DX7 a 1983, mai yin sauti da lissafi tsantsa. Cikin ƙasa da shekara 80, abin da ya kai nauyin buhu 2,000 ya koma abin da yaro zai saɓa a kafaɗa.

5. Na'urar jera kiɗa

Saura tambaya ta biyu. Makaɗi hannu biyu gare shi. Yaya zai kaɗa ganga da sarewa da goge lokaci ɗaya? A nan ne na'urar jera kiɗa take shigowa. Mu kira ta majeri.

Ku tuna da mai shuka. Yana bin layi, yana sara rami, taki ɗaya rami ɗaya. Majeri ma haka yake raba lokaci, rami-rami, tazara ɗaya. Makaɗi ya zaɓi ramin da zai sa bugu da wanda zai bari wofi. In an kunna, majeri ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Inda ya tarar da bugu ya buga, inda babu ya yi shiru. In ya kai ƙarshe, ya komo farko.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A ƙarni na 9, a birnin Bagadaza, wasu ƴan'uwa uku masana da ake kira Banu Musa sun bayyana wata sarewa mai busa kanta. Ruwa ke tafiyar da ita. Akwai wani gungume mai juyawa, an kafa masa ƴan ƙusoshi. Kowace ƙusa, in ta zo wucewa, sai ta buɗe ƙofar sarewa ɗaya. In an sake wurin ƙusoshin, waƙa ta sake. Wajen shekara ta 1900 kuma, a Turai da Amurka, an yi fiyano mai kaɗa kansa da doguwar takarda mai huji-huji. Kowane huji murya ɗaya ne.

Da ƙwaƙwalwar lantarki ta samu, sai lambobi suka maye gurbin ƙusa da huji. Kamfanin Roland na Japan ya fito da majeri mai suna MC-8 a 1977. A 1980 ya fito da akwatin ganguna TR-808, mai maɓallai 16 a jere, kowane maɓalli rami ɗaya.

Amma akwai matsala. Na'urar wannan kamfani ba ta jin maganar ta wancan, kamar Bahaushe da Bazabarme sun haɗu a kasuwa babu tafinta. Sai Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na Japan, tare da wasu maƙera, suka shirya harshe ɗaya. Aka sa masa suna MIDI, aka fara aiki da shi a 1983. A cikin MIDI kowane maɓalli yana da lamba, daga 0 zuwa 127. "Do" na tsakiya shi ne 60, "la" mai hertz 440 shi ne 69. Ƙarfin bugu ma ana auna shi da lamba har zuwa 127. Waya ɗaya tana ɗaukar hanyoyi 16, wato kamar makaɗa 16.

Ga abin lura. Kaset sauti yake ajiyewa. Majeri kuwa umarni yake ajiyewa: wane maɓalli, yaushe, da wane ƙarfi, har zuwa yaushe. Ku tambayi iyayenku abin da ke faruwa in batir ya yi sanyi a rediyo mai kaset. Waƙa takan yi nauyi, muryar mace ta koma kamar ta namiji. Majeri ba ya haka. Ana iya rage masa sauri, murya tana nan yadda take. Ana iya cewa abin da sarewa ta busa, yanzu goge ya kaɗa shi. In makaɗi ya yi kuskure wuri ɗaya, sai ya gyara wurin kaɗai.

Saboda haka mai fiyano yakan fara da ganga, ya ajiye a hanya ta fari. Ya kunna ta yana ji, ya ɗora babbar murya a hanya ta biyu. Ya ɗora sarewa a ta uku. Haka, haka, kamar magini yana ɗora tubali, har kiɗa ya cika. Daga baya aikin ya koma cikin kwamfuta, da manhajoji irin su Cubase na 1989 da FruityLoops na ƙarshen shekarun 1990. Yau har cikin salula ana jera kiɗa.

6. Yadda abin ya zo ƙasarmu

A Nijar, wanda ya buɗe wannan hanya shi ne Mamman Sani Abdullahi. An haife shi a Akara ta ƙasar Gana a 1952, ya girma a Nijar, ya yi aikin koyarwa. A wajen wani taron UNESCO, cikin shekarun 1970, ya ga wani wakilin ƙasar Ruwanda da fiyanon lantarki ƙirar Italiya. Ya roƙe shi har ya sayar masa, ya kawo shi Yamai.

Me ya kaɗa da shi? Bai tsaya ga waƙoƙin Turai ba. Ya ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na al'ummun Nijar, ya zuba su cikin sabon akwatin, ya kuma tsara nasa. A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa. Ya kaɗa sau ɗaya aka ɗauka, ya sake kaɗa wani bisa na farin. Kaset kaɗan ne aka buga. Amma shekara da shekaru rediyo da talabijin na ƙasa suna sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri. Mutane da yawa sun san kiɗan, ba su san mai shi ba. A 2013 wani kamfanin faifai na Amurka, Sahel Sounds, ya sake buga shi. Sai ga mutanen Turai da Amurka suna sauraren karin waƙoƙin Nijar, har aka gayyaci Mamman Sani ya je ya yi musu wasa.

Bayansa an yi wani matashi a Yamai da ake kira Hama. Da fiyanon Yamaha ya fara, kiɗansa ya yi ta yawo daga salula zuwa salula kafin a san sunansa. Faifansa Torodi ya fito a 2015, Houmeissa kuma a 2019, wanda ya jera cikin kwamfuta.

A Kano kuwa, tun cikin shekarun 1990 masu shirya fim ɗin Hausa suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR. Da shi aka yi kiɗan waƙoƙin fim masu yawa. Irin wannan kiɗa ne ya bi ƴan kasuwa da matafiya, ya ƙetaro iyaka, ya iso kasuwanninmu na Arewa.

7. Abin da akwatin bai sani ba

Fiyano ya sauƙaƙa aiki. Yaron da bai gaji kiɗa ba, yau yana iya tsara waƙa. Amma kowane sauƙi da nasa hasara. In mai biki ya ɗauko amsa-kuwwa, mai kalangu ya kwana bai samu ko dala ba. In ya daina samu, ɗansa ba zai koya ba.

Akwai kuma abin da ya gagari maɓalli. Ku ce "kuka" na yaro, ku ce "kuka" ta miya. Baƙaƙen ɗaya ne, hawa da saukar murya ne suka raba su. Mai kalangu ya san wannan. Yana matse igiyoyin fata a hammatarsa, yana saki, muryar kalangu tana hawa tana sauka kamar ta mutum. Shi ya sa manya suke jin kirari da take a bakin kalangu. Fiyano matakai 12 gare shi, kamar tsani. Kalangu da goge kuwa suna bi ta tsakanin matakan. An sa wa wasu fiyano ɗan abin murzawa a gefe don lanƙwasa murya. Duk da haka, sai wanda kunnensa ya san kalangu ne zai san inda zai lanƙwasa.

Majeri kuma ba ya ganin fili. Makaɗi yana duban ƙafar mai rawa. In ta yi sauri ya bi ta, in ta gaji ya sassauta. In baƙo mai daraja ya shigo, nan take ya juya zuwa takensa. Majeri abin da aka shuka masa kaɗai yake girba.

Ku ji labarin biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma, mutanen tafkin Cadi. An kai lokacin da saura tsoho ɗaya, Bukar Tar, ya iya shi sosai. Malam Mamman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurumi, ya tafi wurinsa ya zauna ya koya. Da bai je ba, da kiɗan ya bi tsohon zuwa kabari. Malam Barka ya kai biram ƙasashe da dama kafin rasuwarsa a 2018.

Hausawa sun ce, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Gaskiya ne. Ku koyi lissafi da kimiyya, don ku iya sarrafa na'ura, har wata rana ku ƙera taku. Ku kuma zauna kusa da makaɗan garinku, da iyaye mata masu waƙar daka da ta niƙa, ku saurara. Abin da Mamman Sani ya kai duniya, a gida ya ji shi.

Mu riƙe

Sauti kaɗawa ce, ana kuma ƙidaya ta da hertz.
Fiyano yana da maɓallai, da ƙwaƙwalwa, da amsa-kuwwa.
Majeri umarni yake ajiyewa: wane maɓalli, yaushe, da wane ƙarfi.
MIDI harshe ne da na'urorin kiɗa suke magana da juna tun 1983.
Na'ura ba ta san waƙa ba sai wadda mutum ya koya mata.

Kalmomi da Faransanci

sauti: le son
kaɗawa: la vibration
maɓalli: la touche
maganaɗisu: l'aimant
amsa-kuwwa: le haut-parleur
fiyanon lantarki: le clavier électronique
majeri: le séquenceur

Tambayoyi

1. Me ya sa hatsi yake tsalle bisa fatar ganga?
2. Faɗi abubuwa uku da ke cikin fiyano, da aikin kowane.
3. Wani "la" yana da hertz 880. Nawa ne na gaba da shi? Nawa ne na baya?
4. An sa majeri ya yi bugu 120 cikin minti ɗaya. Bugu nawa zai yi cikin sakan 10?
5. Mene ne bambancin kaset da majeri?
6. Shekara nawa tsakanin ɗaukar kiɗan Mamman Sani da sake buga shi?
7. Me mai kalangu yake iyawa wanda ya gagari majeri?

Aiki a fili

Ku fita filin makaranta. Ku haƙa ƴan ramuka cikin rairayi kamar na dara: layi uku, kowane layi rami takwas. Layin fari na masu buga ƙafa ne, na biyu na masu tafi, na uku na mai ƙwarya. Ku sa tsakuwa a rami na 1 da na 5 a layin fari. Ku sa a na 3 da na 7 a layi na biyu. A layi na uku, mai ƙwarya ya zaɓi inda yake so. Ɗalibi ɗaya ya riƙe kara, yana nuna ramuka daga 1 zuwa 8, yana ƙidayawa ba gaggawa. Kowa ya yi nasa bugu inda aka sa masa tsakuwa kaɗai. In an kai 8, a komo 1. Sa'an nan ku gusa tsakuwa biyu, ku sake. Me ya faru da kiɗan?

Aikin gida

Ku je wurin wani makaɗi ko wata tsohuwa mai waƙa a unguwarku. Ku gaida su da ladabi, ku tambayi sunan abin kiɗansu, da abin da aka yi shi da shi, da wanda ya koya musu. Ku rubuta amsar cikin layi goma da Hausa, ku kawo aji.